Zobe, Sanda da Ɗigo: Labarin Baƙaƙen Abzinawa

Ya kai mai karatu, kafin mu shiga labari ga wani ɗan wasa. Dubi waɗannan alamomi da kyau:

+ O      O |      ⊙ ||

Kalmomi ne guda uku, na Hausa kuwa, waɗanda kake faɗi kullum. Na jera su daga hagu zuwa dama kamar boko don in rage maka wahala. Na san ka tsaya kana kallonsu kamar yadda ka kalli allo ran da aka fara kai ka makaranta. To, ga mabuɗi. Gicciye shi ne T, zobe shi ne R, sanda ɗaya N, sanda biyu L, zobe mai ɗigo a ciki kuma S. Yanzu kana da TR, da RN, da SL.

An gama ke nan? Ina! TR ɗin nan tara ce, ko taro, ko tari, ko turo? RN kuwa rana ce ko rani, rini ne ko rina mai harbi? SL fa, Sule ne ko Sale, ko kuwa salla ake nufi? Ka samu baƙaƙe, amma wasula kai za ka nemo su da kanka. Ka ga ashe ƙulli biyu ne. Na farko sanin sautin kowace alama, na biyu sanin abin da mai rubutun yake nufi. Ka riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan labarinmu duka.

Waɗannan alamomi ba ni na ƙago su ba. Baƙaƙen Abzinawa ne, waɗanda ake kira tifinar, a littattafai kuma za ka gan su an rubuta tifinagh. Idan kana zaune a Yamai ba sai ka yi tafiya ba za ka gan su. Je wurin maƙeran azurfa da ke aiki a gidan kayan tarihi na Bubu Hama, ka ɗauki gicciyen nan na Agadas da mata ke ratayawa a wuya, ka juya bayansa. Sau da yawa za ka tarar da ƴan zobba da sanduna da ɗige-ɗige. Mai saye yakan ɗauka ado ne, alhali sunan maƙerin ne ya sa.

Baƙin Lazare

Tsofaffin Yamai ba su manta da shekarun 1973 da 1974 ba. Fari ya daɗe, ciyawa ta ƙare, rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Dubban makiyaya, mafi yawansu Abzinawa daga arewacin Nijar da ƙasar Mali, suka gangaro bakin birni ba raƙumi ba akuya. Aka sauke su a wani fili a arewacin gari, wurin da ake kira Lazare. Sunan daga Faransanci yake, ma'anarsa wurin da ake keɓe masu ciwo mai yaɗuwa. A yau Lazare unguwa ce cikakkiya a cikin Yamai, da gidaje da kasuwanni da makarantu, amma a wancan lokaci bukkokin tabarmi ne da tsummoki da layin karɓar hatsi. A cikin wannan ƙunci ne mulkin Diori Hamani ya faɗi, soja suka karɓa ƙarƙashin Seyni Kunce ran 15 ga Afrilu, 1974.

A lissafin da aka saba yi, duk wanda bai iya boko ba bai kuma iya Larabci ba, sai a sa shi cikin waɗanda ba su san karatu ba. Ni dai ina ganin wannan lissafi ya ƙware mutanen Lazare. Da yawa daga cikinsu, maza da mata, suna ɗauke da wani rubutu a ka, wanda asalinsa ya girmi zuwan boko ƙasar nan da shekara wajen dubu biyu. Fari ya cinye musu dukiya, amma wannan bai ci ba, don ba a cikin akwati yake ba. Samarin da suka bazu neman aiki Libiya da Aljeriya bayan farin, da shi suka riƙa aiko wa gida da wasiƙa.

Abin mamaki shi ne babu makarantar da take koyar da shi a al'adar dā. Karatun addini da Larabci ake yi. Tifinar kuwa a wasa ake koyonsa. Wani ya koya wurin uwarsa ko kakarsa, da yawa kuma wurin abokan kiwo. Allonsu rairayi ne, alƙalaminsu yatsa. Yaro ya zana kalma a ƙasa, sauran su kewaye shi, kowa yana gunguni a hankali yana gwada wasali, a, i, u, har kalmar ta faɗo a bakin wani. Wanda ya riga shi ne gwani. Sai a shafe da tafin hannu a sake wata.

Ga abin da ya sa wasan yake da daɗi. Ba a rubuta wasali sai wani lokaci a ƙarshen kalma, inda ɗigo ɗaya kan tsaya a matsayin a. Ba a maimaita baƙi ko da an nanata shi a baki, wato salla da Sale duk ɗaya ne a rubuce. Ba a barin fili tsakanin kalma da kalma. Sannan babu doka a kan inda layi zai dosa: ana iya farawa daga dama, ko daga hagu, ko daga ƙasa a hau sama. Mai karatu yakan dubi baƙaƙen da ke da baki a buɗe, irin M, ya ga inda suka fuskanta, ya gane hanyar. Gwada da Hausa ka gani. Idan na rubuta maka MTTTFKSW, za ka iya cewa “mota ta tafi kasuwa”. Wani ya ce a'a, “mata ta tafi kasuwa”. Na uku ya ce duk kun kuskure, maigida ne yake ba da umarni, “matata, tafi kasuwa”. Duk ukun daidai suke. Sai wanda ya san gidan, ya san ko akwai mota, shi zai raba gardama.

Idan yara suka ƙware sai su ƙara wa juna wuya da gangan. A birkita jerin baƙaƙe, ko a fara daga ƙarshe, ko mutum biyu su shirya tsakaninsu cewa wannan alama za ta tsaya a madadin waccan. Kamar dai zaurancen da ƴan matan Hausa ke yi don kada manya su ji, sai dai nasu a rubuce yake. A wurin hira kuma saurayi kan riƙe hannun budurwa ya zana mata saƙo a tafi da yatsa, jama'a na zaune ba wanda ya sani. Har tatsuniyar asalin rubutun ma ta wasa ce. A Abzin ana danganta shi ga wani gwarzo mai wayo, Aniguran, wanda labaransa cike suke da kacici-kacici tsakaninsa da ɗan ƴar'uwarsa da ya fi shi wayo. A wasu wurare kuma ana cewa Amerolkis ne ya ƙago shi don ya riƙa aika wa mata saƙo a ɓoye.

To, wannan shi ne rubutun da masu shi suke raye. Amma akwai kakansa, wanda masu shi suka mutu tun da daɗewa ba su bar wa kowa mabuɗi ba. Don mu gan shi sai mu ƙetare Sahara zuwa ƙasar Tunisiya.

Dutsen Dugga

A arewa maso yammacin Tunisiya akwai kufan wani tsohon gari, Dugga. A gefensa akwai wata doguwar hasumiyar kabari, tsawonta mita 21, wadda aka gina fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin 1631 wani mutumin Faransa mai suna Thomas d'Arcos, wanda ƴan fashin teku suka taɓa kamawa suka kai Tunis, daga baya ya zauna can har ya musulunta, ya ga wani rubutu a jikin hasumiyar. Ya kwafa ya aika wa wani masani a ƙasarsu. Rubutun kashi biyu ne, kowane da irin baƙaƙensa, kuma a lokacin ba wanda ya iya karanta ko ɗaya. Aka yi shekara fiye da ɗari abin yana kwance.

Kashi ɗaya aka fara samun kansa. Na mutanen Kartaj ne, babban birnin nan na ƴan kasuwar teku da Rumawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa. Asalinsu Finisawa ne daga wajen Lebanon ta yau, harshensu kuma ɗan'uwan Larabci ne da Ibrananci. A cikin 1758 wani malamin Faransa, Barthélemy, ya warware baƙaƙen Finisawa da taimakon wani rubutu mai harshe biyu da aka samu a tsibirin Malta. Saura kashi na biyu, mai zobba da sanduna. Turawa suka sa masa suna rubutun Libiyawa, don a dā duk mutanen arewacin Afirka na asali haka Girkawa ke kiransu.

Ana nan sai labari ya biyo ta wajenmu. A cikin 1822, shekarar da Champollion ya warware rubutun Fir'aunonin Masar, wasu Turawan Ingila su uku suna Fezzan a kan hanyarsu ta zuwa Barno: Denham, da Clapperton, da wani likita mai suna Oudney. Kafin ayari ya tashi, Oudney da Clapperton suka leƙa garin Gat. A hanya likitan ya ga rubutu a kan duwatsu, ya kuma lura Abzinawan da ke tare da su sun san baƙaƙen. Ya tambaye su, suka faɗa masa sautin kowanne, ya rubuta a littafinsa. Bai rayu ya ga amfanin abin ba. Ciwo ya ci ƙarfinsa a watan Janairu na 1824 a wani gari da ake kira Murmur kusa da Katagum, yana kan hanyar Kano. Clapperton ya binne shi ya wuce Kano, daga nan ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka buga labarin tafiyar a 1826, da baƙaƙen da Oudney ya kwaso a ciki. Nan ne masanan Turai suka sami labarin cewa akwai masu irin wannan rubutu da ransu a cikin Sahara.

Shi kuwa dutsen Dugga, a cikin 1842 jakadan Ingila a Tunis, Thomas Reade, ya sa aka ciro shi. Ma'aikatan da ya tura ba su iya aikin ba, garin cire dutse ɗaya suka rushe saman hasumiyar. Ginin da ya yi shekara kusan dubu biyu a tsaye, kwaɗayin mutum ɗaya ya kayar da shi. Dutsen yana gidan kayan tarihi na Landan har yau. Hasumiyar kuma sai tsakanin 1908 da 1910 aka sake tayar da ita.

Yadda sunaye suka buɗe ƙofa

Wanda ya fara kwance ƙullin wani hafsan soja ne na Faransa mai sha'awar tsofaffin kuɗi da rubuce-rubuce, sunansa de Saulcy, a cikin 1843. Dabararsa mai sauƙi ce, kai ma da ka zauna da natsuwa da ka yi ta.

Ka ɗauka an ba ka takarda ɗaya, sama Hausa, ƙasa wani harshe da ba ka taɓa ji ba cikin baƙaƙen da ba ka sani ba, aka ce maka magana ɗaya ce. Kalmomi irin su gida da ruwa ba za su taimake ka ba, don kowane harshe da nasa. Amma idan Hausar ta ce Musa ɗan Isa, ka san ko a wane harshe Musa dai Musa ne. Sai ka nemi wurin da sunan ya kamata ya faɗo a ƙasa. Ka ga alamar da ta fito a cikin Musa ta sake fitowa a cikin Isa, ka ce wannan S ce. Wadda ta riga ta a sunan farko M ce. Ɗan abin da ya shiga tsakanin sunayen biyu kuma shi ne “ɗan”. Da suna biyu ka samu baƙi biyu da kalma ɗaya.

Allah ya taimaki de Saulcy, rubutun Dugga kusan duk sunaye ne. Ya ambaci wani Atban da ubansa da kakansa, sannan ya jera ma'aikatan da suka yi ginin, magina da masassaƙa da maƙera, kowa da sunan ubansa. A ɓangaren Kartaj tsakanin suna da suna akwai BN, wato irin “bin” ɗin nan na Larabci da ka sani. A ɗaya ɓangaren kuwa alama ɗaya tak take maimaituwa a wannan gurbi, aka gane W ce. Har yau a harsunan Berber, dangin harshen Abzinawa, ana cewa “u” ko “aw” ko “ag” a ma'anar ɗan wane. Haka ya yi ta bi suna bayan suna, baƙin da ya samu a nan ya gwada shi a can, in ya zauna ya riƙe, in bai zauna ba ya sake. Ya ci nasara a kan wajen rabin baƙaƙen, waɗanda suka biyo bayansa suka gyara suka ƙara.

Za ka ce, ai tun da Oudney ya kawo mabuɗi daga bakin Abzinawa, me ya hana a ɗora shi kawai a kan dutsen a karanta? An gwada. Shi kansa de Saulcy ya koma kan baƙaƙen tifinar a 1849 yana auna su da na Dugga. Wasu suka dace sarai: zobe R ne can, R ne nan. Gicciye T ne, sanda N ce, M da L ma ba su sauya ba. Wannan ya tabbatar da cewa kaka ne da jika. Amma ga tarko. Zoben nan mai ɗigo a ciki, wanda na ce maka S ne a tifinar, a Dugga B ne. Wanda ya amince da kamannin fuska kawai, sai ya karanta Sala inda aka rubuta Bala. Kama da wane ba ta wane ba ce. Ɗige-ɗigen da suka cika tifinar kuma babu su sosai a tsohon rubutun, sanduna ne a gurbin da yawansu.

Irin wannan tarko malamanmu na allo sun san shi. Mawallafan waƙoƙin ajami na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƴarsa Nana Asma'u sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Kowane baƙi da adadinsa. Shekarar hijirar Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu, 1218, wato 1804, ana iya ƙulla ta da baƙi huɗu: shin 1000, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. To amma shin 1000 ne a lissafin Magrib, wanda ƙasar Hausa ta gada. A lissafin gabas, na Masar da Sham, shin 300 ne. Ɗalibin da ya yi karatu a gabas ya zo da mabuɗinsa zai samu 518, ya mayar da Shehu baya da shekara ɗari bakwai. Baƙi ɗaya ne, amma kowace ƙasa da darajar da ta ba shi.

A cikin 1904 aka haƙo wani dutsen mai harshe biyu a Dugga, wanda ya fi na farko amfani, don yana da kwanan wata. Yana cewa mutanen garin sun gina ɗakin girmamawa ga Sarki Masinisa a shekara ta goma ta mulkin ɗansa Misibsa. Masinisa sananne ne a tarihin Rumawa, sarkin Numidiya ne, ya mutu a 148 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka cire goma, ka samu wajen 138. A jikin dutsen sunansa MSNSN ne, na ɗansa MKWSN. Kusa da sunayen kuma, inda ɓangaren Kartaj ya sa kalmar sarauta mai tushe ɗaya da “malik” na Larabci, ɗaya ɓangaren ya sa GLD. Mutanen duwatsun Maroko da Aljeriya har gobe “agellid” suke ce wa sarki. Ka ga kalma ta yi shekara dubu biyu da ɗoriya ba ta sauya baƙaƙenta ba. Daga alamomi 24 na rubutun Dugga, yanzu an san sautin 22.

Duwatsun Abzin

Kada ka ɗauka daga nan komai ya buɗe. Wani malami, Chabot, ya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce na arewacin Afirka fiye da 1,100 ya buga su a 1940 da 1941. Mafi yawansu duwatsun kabari ne, layi biyu ko uku, daga ƙasa zuwa sama: wane ɗan wane, sai ƴan kalmomi da ake ta gardama a kansu. Ana iya furta su, ba a cika fahimtarsu ba. An kwance ƙulli na farko, na biyu yana nan. Waɗanda aka samu can yamma, wajen Maroko da tsibiran Kanariya, suna da wasu alamomi dabam da ba su cikin na Dugga.

Mu dawo gida. Duwatsun Abzin cike suke da rubutu, haka na Adrar a Mali da na Ahaggar a Aljeriya. A Dabus, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, inda aka sassaƙa manyan raƙuman dawan nan da suka yi suna a duniya, akwai layukan tifinar a duwatsun wurin, ko da yake raƙuman dawan sun girme su da dubban shekaru. Masana irin su Lionel Galand, da Jeannine Drouin, da Mohamed Aghali-Zakara wanda shi ɗan Nijar ne kuma da harshen ya tashi, sun yi shekaru suna kwafe su suna nazari.

Waɗanda ba su daɗe sosai ba suna da wata alama da ke taimako. Da yawansu da baƙi uku suke farawa, W, N, K, wato “awa nak”, ma'ana “wannan ni ne”. Sai suna ya biyo, sai kalmar “ya ce” ko “ta ce”, sannan saƙon. Haka ma wasiƙu suke farawa. Akwai wasu da mutanen Ahaggar suka aika wa Charles de Foucauld, Bafaranshen nan da ya zauna a Tamanrasat ya tattara ƙamus na harshensu kafin a kashe shi a 1916, an buga su a 1999, kuma da wannan gabatarwa suke buɗewa. Idan mai nazari ya ga W, N, K a jikin dutse ya samu abu uku a take: ya san inda layi ya fara, ya san inda ya dosa, ya kuma san abin da ke biye suna ne. Amfanin da sunan Atban ya yi wa de Saulcy ke nan.

Bayan sunan fa? Nan ake yin tuntuɓe. Saƙon gajere ne, baƙi goma ko ashirin. Tun ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, al-Kindi, ya bayyana yadda ake fasa rubutun asiri ta hanyar ƙirga: a duba alamar da ta fi yawan fitowa, a gwada ta da baƙin da ya fi yawa a harshen. Dabara ce mai kyau, amma tana son rubutu mai tsawo, kamar yadda ba ka sanin farashin kasuwa da cinikin mutum ɗaya. Ga shi kuma baƙaƙen sun sha bamban daga yanki zuwa yanki. Alamar da mutumin Abzin zai karanta da wani sauti, mutumin Adrar zai karanta ta da wani. Tsofaffin rubuce-rubucen kuwa, waɗanda rana da iska suka mayar da su launin dutsen, suna da alamomin da Abzinawan yau ba su amfani da su, sai su ce na mutanen dā ne, ko na Aniguran.

Akwai kuma dalili na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Ka tuna yaran nan masu birkita baƙaƙe a rairayi, da saurayin da ke zane a tafin hannu. Irinsu ne suka yi yawancin rubutun duwatsun. Makiyayi ne ya zauna a inuwar dutse kusa da rijiya, ya rubuta wa mutum ɗaya abin da su biyu kaɗai suka sani. Mai karɓar saƙon ba ya bukatar wasali, don ya san ko mota ce ko mata. Wani lokaci ma da gangan aka karkatar da shi don kada ɗan'uwanta ya wuce ya karanta. De Saulcy ya yi fama da rubutun da aka yi don kowa ya gani, sarauta ta sa aka sassaƙa shi cikin harshe biyu. Mai nazarin duwatsun Abzin kuwa yana fama da rubutun da tun farko ba a so ya gane ba.

Zancen wasula

A taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, inda aka tsara yadda za a rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da boko, harshen Abzinawa ma baƙaƙen boko aka yanka masa. Da su aka yi yawancin littattafan yaƙi da jahilci. Masu wannan shawara suna da hujja: rubutun da sai an yi gunguni kafin a gane kalma ɗaya, da wuya a rubuta bayanin maganin dabbobi ko lissafin kuɗin ƙungiya da shi. A takardar magani ba a son kacici-kacici.

Wasu kuma suka ce a gyara na gida ya fi. Hawad, mawaƙi kuma mai zane ɗan Abzin, ya ƙara wasula a nasa rubutun. Wata ƙungiya a Agadas ta fito da nata tsarin mai wasula, har ta buga jarida da shi. Ƙasar Maroko ta karɓi wani sabon tsarin tifinar a 2003 don makarantunta, mai wasula, mai tafiya daga hagu zuwa dama, da fili tsakanin kalmomi. A 2005 aka shigar da baƙaƙen cikin tsarin rubutun kwamfuta na duniya, yanzu ana iya buga su a wayar hannu. Sai dai tsarin Maroko ya ɗauki wasu alamomi ya ba su wani aiki dabam. Ɗigo biyun da Ba'abzine ya sani W, can sun koma ƴan zobba biyu, wasalin U ne. Tsohuwar da ta koyi nata a rairayi, idan jikanta ya miƙa mata waya, za ta gane zobe da gicciye da sanda, sauran kuwa sai ta sake zama ta yi gunguni.